Kallon Buji

Kuran ya ɗauke a Bilbis tun bayan lisha.
Fanka ta yi juyi biyu, ta tsaya kamar mai tuna wani abu.
Na laluba aljihun tebur na fiddo buji,
ragowar wanda na saya dala ashirin,
na ɗiga kitsensa a murfin gwangwanin madara,
na dasa shi kamu biyu daga idona.

Yini guda ina bakin kasuwar Tawa
cikin hanjin agogo da salula,
ƙusoshi ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba.
Ido ya yi ja, ya cika da yashi.
Hankali kuwa akuya ce da ta tumɓuke turke:
tana gonar bashi, tana gonar kuɗin haya,
tana tuƙar maganar da wani ya yaɓa mini tun bara.

Yaya Kubura ta zo da wannan daga Indiya.
Wata huɗu tana jinyar Tankari a asibitin can,
barci ya ƙaurace mata, har ta manta kamanninsa.
Wata tsohuwa mai goge daɓe, ba sa jin harshen juna,
ta dafa kafaɗarta, ta zaunar da ita,
ta nuna tsinin wuta, ta nuna ido,
ta girgiza kai: kar ki kifta.
Kubura ta dawo da akwati biyu,
nata da na wanda bai dawo ba,
da wannan abu da babu mai caje shi a filin jirgi.

To ga ni zaune, baya a miƙe.
Da farko wutar rawa take, ni ma haka.
Sauro ya kawo ƙara kunnena.
Wani kabu-kabu ya wuce da akuyata a baya,
sai da na je har tasha na jawo ta.
Na dawo. Tsinin wuta.
Ta sake kubcewa. Na dawo.
Shuɗi a gindi, baƙin lagwani ya sunkuya,
sama kuma ruwan gwal mai sirancewa
har ya zama ba komai.

Can sai ruwa ya taru.
Ba kuka ba ne, in ji Kubura, wanka ne ido ke yi.
Na yarda. Amma ranar da aka yi sadakar Tankari
ni na raba goro, ni na jera tabarmi,
ko ɗigo ban zubar ba,
shi da ya koya mini riƙon hantsaki.
Yanzu ga shi yana gangarowa har gemu,
ban san ko na wane ne ba.

Na rufe ido. Wutar ta biyo ni ciki,
kore, sannan ja, tsakanin gira da gira,
ƙaramar albasa mai haske
tana lilo, tana dushewa. Na riƙe ta har ta tafi.

Malam Attahiru ya leƙo ta taga wani dare:
Illa, wuta ka koma bauta wa?
Na ce, Malam, goshina ya san alƙiblarsa.
Turke kawai na kafa.
Ya yi shiru, ya ce, in ka gama ara mini ashana.

Likitar ido ta ce tabarau dai sai na sa,
buji ba ya mai da shekaru baya,
kuma kar in wuce minti kaɗan. Na sa. Ban wuce ba.

Amma ɗazu da hantsi wata ƙusa ta agogon mata,
wadda kullum sai ta yi mini tsalle uku,
ta zauna a raminta karon farko.
Ban gaya wa kowa ba.

Yara sun kwashe da ihu a layi: kuran ya dawo.
Fanka ta tuna abin da take yi.
Na ɗan ƙara zama kafin in hure.